MARIGAYI WAZIRIN SAKKWATO ALHAJI JUNAIDU (1906–1997): GADON GIDA DA HIDIMAR TARIHI

Kamar yadda aka saba, wannan mujalla takan keɓe 'yan shafuka domin tunawa da ɗaya daga cikin magabatanmu, saboda 'yan'uwa da ke zaune a Legas da Kaduna da Abuja da sauran birane su sami abin da za su karanta wa 'ya'yansu. A bana mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar Marigayi Alhaji Junaidu, Wazirin Sakkwato, wanda ya riƙe wannan muƙami daga 1948 har zuwa rasuwarsa a 1997. Malami ne, mawaƙin Larabci ne, mashawarcin Sarakunan Musulmi uku ne, amma abin da muke so mu fi tsayawa a kansa shi ne yadda gidan da ya fito ya sanya masa son tarihin ƙasar nan da na yaƙe-yaƙenta, son da bai rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Shehu ya san unguwar Gidadawa. Sunan ya samo asali ne daga Usman Gidado ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello tun suna samari, wanda ya zama Wazirinsa bayan rasuwar Shehu a 1817. Gidado shi ne mijin Nana Asma'u 'yar Shehu. Cikin 'ya'yan da Allah ya ba su akwai Abdulƙadir, wanda ya gaji mahaifinsa a wazirci, da kuma Ahmadu. Ahmadu ya haifi Muhammadu Buhari, Buhari ya haifi Junaidu. Ke nan tsakanin Waziri Junaidu da Shehu Usmanu mutum uku ne kawai: Buhari, Ahmadu, Asma'u. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan jerin sunaye, domin kusan kowa a cikinsu ya bar rubutu kan abin da ya faru a zamaninsa.

Ya kamata mu ɗan yi bayanin aikin Waziri a wancan zamani, don yaranmu na yanzu sun ɗauka sarauta ce ta rawani da hawan Sallah kawai. Waziri shi ne ƙofar manyan masarautun gabas, irin su Kano da Zazzau, zuwa ga Sarkin Musulmi. Shi ke zuwa rangadi, shi ke kai takardar naɗin sabon sarki, shi ke sasanta rikici in ya taso. Wasiƙun sarakuna a hannunsa suke sauka, amsoshinsu daga zaurensa suke fita. Wannan ya sa gidan Gidado ya zama rumbun takardun daula: wasiƙar neman gudummawar yaƙi, ta bushara da nasara, ta ƙorafi kan iyaka, ta ta'aziyya, duk suna nan cikin gafaka. Su kuma mutanen gidan sun ɗora nasu rubutu a kan abin da aka ba su ajiya. Gidado ya rubuta Raudul Jinan kan Shehu da Alkashfu wal Bayan kan Bello. Ɗansa Abdulƙadir ya rubuta Anisul Mufid. Shi Gidadon ne ya sauki Baturen nan Clapperton a zuwansa na 1824 da kuma na biyu, wanda a cikinsa ya rasu a Sakkwato a 1827.

Ta wajen kaka mace kuwa, gadon ya fi shiga jini, domin a waƙe yake. Nana Asma'u tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, don haka yaƙin ba labari aka ba ta ba. Ta sha yunwa da tafiyar ƙasa tare da jama'a, ta ga waɗanda aka fita da su ba a dawo da su ba. Daga baya ta tsara Waƙar Gewaye, inda ta bi sawun Shehu zango zango, ta kuma yi waƙa kan nasarar Gawakuke ta 1836, inda Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Waɗannan waƙoƙi mata ne suka riƙe su, jajiyoyi suna kai su ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru. Yaron da ya tashi a irin wannan gida yakan fara jin sunayen filayen daga a bakin iyayensa mata tun kafin ya san baƙi da fari.

Amma a ganinmu, wanda rayuwarsa ta fi nauyi a kan Junaidu shi ne mahaifinsa, duk da cewa bai rayu da shi ba sai shekara huɗu. Waziri Buhari ya hau a 1886, kuma Allah ya ƙaddara a zamaninsa ne manyan masifu biyu suka auka wa daula. Ta farko ita ce Basasar Kano. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya nace a naɗa Tukur, kuma Waziri Buhari ne ya zartar da umurnin. 'Ya'yan gidan Abdullahi Maje Karofi suka fice suka kafa sansani a Takai ƙarƙashin Yusufu, aka yi ta zubar da jinin Musulmi tsakanin 'yan'uwa, har Aliyu Babba ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Buhari ya zauna ya rubuta abin da ya gudana tsakaninsa da waɗanda abin ya shafa, ya bar wa na baya.

Ta biyu ita ce zuwan Nasara. Kano ta faɗi a farkon Fabrairu 1903. Ranar 15 ga Maris rundunar Kanar Morland ta tsaya a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato, da bindiga mai ruwa da igwa, mutanenmu kuma da takobi da mashi da kwari da baka da 'yan bindigogin da ba su kai sun kawo ba. Ba a daɗe ana gwabzawa ba. Waɗanda suka tsaya kewaye da tuta suka yi shahada a wurin, sauran jama'a suka watse. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da niyyar hijira, dubban mutane suka bi shi suna barin gonaki da gidaje, har aka rutsa da su a Burmi a ƙarshen Yuli na wannan shekara, inda ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa ƙasar Sudan, kuma zuriyarsu na can har yau a garin da ake kira da sunansa a bakin kogin Nilu.

Waziri Buhari bai bi wannan ayari ba. Ya tsaya a Marnona da jama'ar da suka taru gare shi, ya shawarci malamai, sa'annan ya komo birni ya yi sulhu da Turawa, aka naɗa Attahiru na biyu. Wannan mataki bai bar shi ya yi barci ba. Ya ji tsoron kada ya zama ya sayar da addininsa, har sai da ya nemi fatawar Alƙali Ahmadu ɗan Sa'adu, kuma daga baya ya rubuta wata risala zuwa ga ma'abuta ilmi yana bayyana hujjarsa. Taƙaicen hujjar shi ne, ba wurin gudu da ya rage, hanya ba ruwa ba abinci, in malamai da shugabanni duka suka tafi to talakawan da suka saura ba su da mai riƙe musu addini, kuma shari'a ta yarda a yi mu'amala da mai rinjaye a zahiri matuƙar bai hana salla da azumi da sauran farillai ba. Har yanzu in dattawa suka zauna akan yi musu kan wa ya fi dacewa, wanda ya tafi ko wanda ya zauna. Mu dai abin da muka lura shi ne, da kowa ya bi hanyar Burmi, da wuya a ce takardun gidan Waziri sun kai ga zamaninmu.

A cikin wannan yanayi aka haifi Junaidu a 1906, shekarar da aka yi tashin Satiru. A Fabrairun shekarar mutanen wannan ƙauye da ke kudu da Sakkwato suka fatattaki sojan doki na Turawa, suka kashe Turawa uku, a Maris kuma aka dawo aka shafe garin daga doron ƙasa. Mahaifinsa ya rasu a 1910. Wazirci ya koma hannun ɗan'uwan mahaifinsa Muhammadu Sambo, daga baya kuma yayyensa Abdulƙadir Macciɗo da Abbas suka riƙe shi, don haka maraicin bai fitar da shi daga inuwar gidan ba. In muka yi ɗan lissafi irin na 'yan aji huɗu, za mu ga cewa sa'ad da yake saurayi ɗan shekara ashirin, wanda ya halarci Giginya yana da talatin bai wuce hamsin da uku ba. Waɗanda suka je yaƙin Argungu a zamanin Abdurrahman, da waɗanda suka raka mahaifinsa Kano lokacin Basasa, da yawansu na nan da ransu suna zuwa gaisuwa. Takarda a ɗaki, shaidu a zaure: marubucin tarihi ba ya neman abin da ya fi wannan.

Bai shiga makarantar boko ba. Karatunsa na allo ne da na zaure, inda ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafan fiƙihu da nahawu da lugga da adabi a gaban malaman birni, cikinsu har da mashahurin malamin nan Malam Abubakar Bube. Ya ƙware a Larabci har ya zama ana lissafa shi cikin manyan mawaƙan Larabci na Nijeriya. Ya kuma riƙe Fulfulde da kyau a lokacin da harshen ke ja da baya a cikin birni, har ya wallafa littafi kan nahawunsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai bin tarihin jihadi, domin yawancin waƙoƙin Shehu da na Asma'u da Fulfulde aka fara yin su. Ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya shugabanci makarantar horar da alƙalai, ya zama mai ba majalisar Sarkin Musulmi shawara kan shari'a, sa'annan a 1948 Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya naɗa shi Waziri bayan yayansa Abbas. Mu da muka yi aikin alli muna alfahari da cewa daga aji ya tafi fada.

Littafinsa na tarihi da ya fi shahara shi ne Dabtul Multaƙatati. Sunan kansa ya nuna irin aikin: tsinto labaran da suka warwatsu cikin littattafan magabata, a daidaita su, a jera. Ya fara daga asalin Toronkawa da tasowarsu daga Futa Toro, ya biyo ta kan Shehu da jihadi, ya bi Sarakunan Musulmi ɗaya bayan ɗaya da yaƙe-yaƙen kowannensu. An fitar da shi da Hausa a Zariya a shekarun 1950 da sunan Tarihin Fulani, kuma ta wannan ɗan littafi ne da yawa daga cikin malaman firamare na zamaninmu suka fara sanin jerin sarakunan da shekarunsu. Ya rubuta Arfur Raihan kan Shehu da 'ya'yansa, ya rubuta wani kan sarakunan Gwandu, ya kuma yi rubutu domin jagorantar masu ziyara zuwa kaburburan bayin Allah, yana faɗin wane ne ke kwance a ina. Tafiye-tafiyen da ya yi zuwa ƙasashen Larabawa da na Afirka ta Yamma su ma bai bar su sun wuce ba rubutu ba.

Mai karatu na iya tambaya, mene ne na malami mai tasbaha da ƙididdigar yaƙi? Amsar tana cikin yadda daular ta kafu. A Tabkin Kwatto, cikin Yuni 1804, jama'ar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta, mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa, suka karya dawakin Yunfa masu lifidi. Wata shida bayan haka aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka ruwaito cewa kimanin mutum 2,000 suka yi shahada, 200 daga cikinsu mahaddatan Alƙur'ani. A 1805 aka sake shan wuya a Alwasa, har abokan gaba suka kai bakin Gwandu. Sai a 1808 Alkalawa ta faɗi aka kashe Yunfa. Waɗanda suka mutu a waɗannan wurare malamai ne da almajirai, kakannin gidajen da muke gaisawa da su a yau. Bayan haka Bello ya kafa ribaɗoɗi a kan iyaka, shi kansa ya tare a Wurno har ya rasu a can a 1837, kuma garuruwa da dama na ƙasar nan da dalilin tsaro aka sare su. Wanda bai san yaƙe-yaƙen ba ba zai gane dalilin da ya sa gari kaza yake inda yake ba, ko dalilin da ya sa sarautar wani gari take hannun gida kaza. Ga Waziri, sanin filin daga da sanin nasaba da sanin kabari duk ilmi ɗaya ne.

A nan za mu ɗan yi tsokaci. Muna da 'ya'ya a birane da za su iya lissafa yaƙe-yaƙen Turai da shekarunsu saboda jarrabawa, amma in ka ce Giginya sai su ce filin wasa ko barikin soja ko otal. Degel tana nan a ƙasar Gwadabawa, kufan Alkalawa na nan a ƙasar Sabon Birni, ko da yake matsalar tsaro ta 'yan shekarun nan ta sa zuwa wasu daga cikin wuraren ya yi wuya. Laifin rashin sanin ba na yaran ba ne.

Gaskiya kuma ta wajaba a faɗe ta: tarihin da Waziri ya rubuta tarihi ne daga cikin gida. Ya dogara ga Infaƙul Maisur na Bello da Tazyinul Waraƙat na Abdullahi da rubuce-rubucen kakanninsa, waɗanda duka ɓangare ɗaya suke a fagen fama. Bagobiri a Tsibiri ko Sabon Birni yana da nasa labarin Alkalawa. Bakabe a Argungu yana da nasa labarin yadda Yakubu Nabame ya ɗaga kai a 1849, da yadda Sama'ila ya hana rundunar Sakkwato shiga garinsa. Wannan bai rage darajar aikin Waziri ba, domin ya faɗi inda ya ɗebo, kuma wanda ya nuna maka rijiyar da ya sha ya ba ka damar ka je ka ɗanɗana da kanka. Abin da ya rage ga ɗalibanmu na jami'a shi ne su haɗa ruwayoyin su auna, tunda yau Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa da Fulani duk surukan juna ne.

Wani halin da ya bambanta shi da masu gado da yawa shi ne bai kulle ɗakin ba. Mun san gidajen da in ka nemi ganin takardar kaka sai a ce maka mai mabuɗin ya yi tafiya. A farkon shekarun 1960 wani ɗalibi Bature daga jami'ar Ibadan, Murray Last, ya zo Sakkwato, Waziri ya karɓe shi ya buɗe masa littattafai da wasiƙun gidan, ya kuma zauna da shi yana warware masa abin da ya shige masa duhu. Daga nan ne littafin Last kan Daular Sakkwato ya fito a 1967, wanda babban kashinsa kan wazirai ne, kuma har yau ba mai nazarin daular da zai tsallake shi. Haka ya yi wa Jean Boyd, wadda ta shafe shekaru tana aiki kan rubuce-rubucen Nana Asma'u da ke ajiye a gidansa. Littafinta kan rayuwar Asma'u ya fito a 1989, tarin ayyukan Asma'u kuma da ta haɗa tare da Beverly Mack ya fito a 1997. Sunan Nana Asma'u da ake ji yau a jami'o'in Amurka da Ingila, ta zauren jikan ɗanta ya fita. Ɗaliban gida da suka yi digiri a Zariya da Kano da Sakkwato kan jihadi kuwa, kaɗan ne ba su durƙusa a gabansa ba.

A farkon shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. A wurin bikin ya yi jawabi da Hausa, ya gaya wa malaman jami'a a gabansu cewa makarantar tasu kamar dashe ce da saiwarta ke wata ƙasa, kuma ilmi ko da na kowa da kowa ne, ba ya amfani sai ya san al'ummar da yake yi wa aiki. An fassara jawabin an buga, kuma har yanzu masu rubutu kan ilmi a Nijeriya na komawa gare shi. Mutumin da bai taɓa zama a bencin boko ba ne ya faɗi haka, kuma ba wanda ya iya cewa bai san abin da yake faɗi ba.

Dalilin da ya sa muka tsawaita kan wannan batu shi ne abin da muke gani a unguwanninmu. Dattijo ya rasu, 'ya'ya na birni, a zo a raba gado a sayar da gida ko a rushe ɗakin ƙasa a yi na siminti, gafakar da ke rataye tun zamanin kaka a jefa ta cikin buhu a kai ɗakin ajiya, gara da ɗigon damina su gama da ita. Wasu kuma sukan ƙona takardun da kyakkyawar niyya, wai don kada sunan Allah ya wulaƙanta, ba tare da an kira mai karanta ajami ya duba ko wasiƙar wani sarki ce ko lissafin zuriya ba. A Sakkwato akwai hukumar tarihi da al'adu ta jiha wadda aka sa wa sunan Waziri Junaidu, inda ake adana irin waɗannan takardu da kayan yaƙi na da. Duk ɗan ƙungiyar nan da ya san akwai tsofaffin takardu a gidansu, muna roƙonsa in ya zo hutun Sallah ya buɗe su, ya ɗauki hotonsu ko da da wayar hannu ce, ya kuma nemi shawarar ma'aikatan wannan hukuma ko malaman sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya yanke abin da zai yi da su. In kuma akwai tsoho ko tsohuwa da ta rage mai riƙe da waƙoƙin Asma'u da ka, a zauna da ita a naɗi muryarta.

Waziri Junaidu ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na uku wazirci shekara arba'in, har rasuwar Sarkin a 1988, ya ci gaba a zamanin Ibrahim Dasuƙi, ya kuma ga farkon zamanin Muhammadu Macciɗo. Ya rasu a Sakkwato cikin Janairu 1997 yana da shekara casa'in da 'yan kai, bayan ya riƙe muƙamin kakansa Gidado kusan shekara arba'in da tara, fiye da duk wanda ya gabace shi a gidan. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya haɗa shi da magabatansa a Aljanna Firdausi, amin.